Gyaran Jami'a Daga Malami Yake Farawa

Duk al'ummar da ta yi sakaci da malaman jami'o'inta, to haƙiƙa ta yi sakaci da likitocinta da alƙalanta da shugabanninta na gobe, domin dukkansu a hannun malami suke tashi. Saboda haka ya wajaba mu dubi manufofin ilimi mai zurfi a Nijeriya, mu ga matsayin da suka ba koyarwa.

Adalci ne a faɗi cewa an yi ƙoƙari. An kafa Hukumar Kula da Jami'o'i, wato NUC, a 1962, ta kuma sami ikon doka a 1974. Asusun harajin ilimi na 1993, wanda ya zama TETFund a 2011, ya gina ɗakunan karatu, ya tura malamai ƙaro ilimi. A 2022 aka ƙaddamar da sabuwar manhaja wadda hukuma ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa jami'o'i kashi 30. A 2025 kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da buɗe sababbin manyan makarantunta har tsawon shekara 7.

Sai dai mafi yawan wannan ƙoƙari a kan gini da takarda ya tsaya. Kwamitin Farfesa Mahmood Yakubu ya gano a 2012 cewa masu digirin dokta ba su kai rabin malaman jami'o'in gwamnati ba. Yajin aikin ƙungiyar ASUU ya ci wata 9 a 2020, ya sake cin wata 8 a 2022, kuma cikin manyan dalilansa akwai rashin cika yarjejeniyar 2009. Idan aka dawo, sai a taƙaita zango, ɗalibi ya haddace abin da bai fahimta ba, ya zuba a jarrabawa, ya manta.

Akwai kuma cutar da ta fi wannan ɓoyuwa. Ana neman malamin firamare da shaidar koyon aikin malanta, alhali malamin jami'a yakan shiga aji da digirinsa kawai, kamar sanin ilimi da iya isar da shi abu guda ne. Sannan ƙarin girmansa ya fi rataya a kan yawan maƙalolin da ya buga. To mene ne zai sa ya ɓata dare yana gyara rubutun ɗalibai? Malaman zaure sun riga mu gane wannan, domin ba sa barin almajiri ya wuce babi sai ya karanta ya fassara a gabansu.

Don haka muna kira ga hukumomi da su wajabta wa kowane sabon malami horo a kan dabarun koyarwa kafin a tabbatar masa da aiki. A sanya ingancin koyarwa cikin sikelin ƙarin girma, tare da sauraron shaidar ɗalibai da ta abokan aiki. Kada a bar wani sashe ya ɗauki ɗalibai fiye da ƙarfin malamansa. Gwamnati kuma ta cika duk alkawarin da ta sa wa hannu, domin alkawari kaya ne.

Su ma malamai su sani cewa ɗalibi amana ne, kuma ƙarancin albashi bai halatta sayar da maki ko tilasta sayen takardun darasi ba. Allah Ya sa mu dace.