A Sabunta Ilmi Kafin A Sabunta Takarda

Cikin sana'o'in zamani da wuya a sami wadda mutane ke danƙa wa masu ita rayukansu ba tare da bincike ba kamar sana'ar jan wayar lantarki. Mai gida yakan tsaya a kan magini ya ƙirga buhunan siminti, ya yi gardama da kafinta a kan kaurin katako, amma in aka zo kan wayarin sai ya kawar da kai, don abu ne da bai sani ba, kuma da zarar an yi filasta aikin ya shige bango. Ko an yi daidai ko an yi ha'inci, ba mai ganewa sai ranar da hayaƙi ya tashi. Saboda haka ne hukumomi a ko'ina cikin duniya ke ba 'yan kwangilar lantarki lasin. Abin da muke so mu jawo hankali a kansa shi ne, lasin da aka karɓa shekara ashirin da suka wuce shaida ce ta abin da mutum ya sani a wancan lokaci kawai, alhali kuwa sana'ar ba ta tsaya jiransa ba.

Ga misali guda da ya ishi mai hankali. Tsarin wayarin da muka gada daga Ingila, a layi mai fuska uku, wayoyi masu ɗauke da wuta su ne ja da rawaya da shuɗiya, baƙa kuwa ita ce wadda ma'aikata ke kira nutural. Daga 2004 Ingila ta soma sauya launukan nan don su dace da na sauran Turai, a 2006 sauyin ya zama tilas. A sabon tsari masu wuta su ne ruwan ƙasa da baƙa da ruwan toka, shuɗiya ta koma nutural. Watau baƙar wayar da tsohon ma'aikaci ya saba ɗauka mai sauƙin haɗari yanzu tana iya kashe shi, shuɗiyar da ya saba tsoro kuma ta sake aiki. A kasuwanninmu ana samun waya mai tsohon launi da mai sabo, har a kan tarar da su duka biyu a gini ɗaya da aka yi wa ƙari. Wanda ya ƙware a 1995 bai kuma sake zama gaban malami ba, ina zai ji wannan labari?

Ba launi kaɗai ya sauya ba. Da can fis shi ne madogara, amma fis waya yake karewa daga zafi, ba ya kare mutum, gama wutar da ke iya tsayar da zuciya ba ta kai ko kusa da wadda ke ƙona fis ba. Yau akwai na'urar da ke yanke wuta nan take in ta ji ɓatan kashi 30 cikin 1000 na amfiya ɗaya, kuma ƙa'idodin zamani sun wajabta ta a wurare da yawa. Ga janareto a kowane lungu, wanda in aka haɗa shi ba da makunnin da ke raba layinsa da na kamfani ba, sai ya tura wuta baya zuwa falwaya ya halaka ma'aikacin da ke bisa yana zaton layi a mace yake. Ga kuma sola da inbata da batura sun cika rufin gidaje. Wutar da faifan sola ke bayarwa ba ta kai da komowa kamar ta kamfani, don haka in tartsatsi ya kama a mahaɗa marar kyau ba ya mutuwa da kansa cikin sauƙi, kuma muddin akwai rana faifan bai daina ba da wuta ba. Galibin manyan masu sana'ar nan sun gama koyo tun ba a san waɗannan kaya ba.

Waɗansu ƙasashe sun ɗaure sabunta lasin da komawa aji. A Amurka akwai kundin ƙa'idodin lantarki da aka fara bugawa a 1897, ana kuwa sake duba shi kowace shekara 3. A jihar Texas ma'aikacin lantarki yana sabunta lasinsa kowace shekara, ba a kuwa sabunta masa sai ya yi awa 4 na ƙarin karatu. A California shekara 3 ce tsakanin sabuntawa da sabuntawa, karatun kuma awa 32. Ingila ta fara rubuta nata ƙa'idodin a 1882, a 2018 ta fitar da bugu na 18, an kuma yi masa gyare-gyare bayan nan. Ba mu ce tsarin nasu ba shi da aibi ba. Inda karatun ya koma na intanet, ba wuya mutum ya biya kuɗi ya daddanna maɓalli ya karɓi shaida kansa fayau. Duk da haka sun yarda da abu guda, cewa ƙwarewa tana tsufa.

A nan Nijeriya hukumar da wannan nauyi ya rataya a wuyanta ita ce NEMSA, wadda doka ta kafa a 2015 don duba ayyukan lantarki da gwada su da kuma tantance masu yin su. Dokar Lantarki ta 2023 ta bar ta a kan aikinta, ta kuma buɗe wa jihohi ƙofar kafa nasu hukumomin kula da harkar wuta a cikin iyakokinsu. To, tun da yanzu ne jihohi ke tsara nasu dokoki, yanzu ne ya kamata a shigar da sharaɗin ƙarin ilmi, tun ran gini tun ran zane.

Mun san abin da masu sana'a za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce duk lokacin da aka ambaci sabunta takarda a ƙasar nan, ƙarshenta kuɗi ne ake karɓa a buga hatimi. Lalle in haka za a yi, gara a bari, gama ba abin da zai haifar sai ƙarin tsada ga mai bin doka, shi kuwa marar lasin ya ci gaba da karya farashi yana kwashe aiki. Za su kuma ce yawancin masu jan waya a garuruwanmu a hannun ubangida suka koya, ba su taɓa riƙe lasin ba balle su sabunta. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce babbar matsalar. Korarsu ba za ta yiwu ba, don su ne ke yi wa talaka aiki. Kamata ya yi a jawo su ciki ta hanyar gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, a ba su takarda daidai matsayinsu, a kuma ɗora wa ɗan kwangila mai lasin alhakin duk yaran da ke aiki da sunansa.

A ganinmu karatun ya zama gajere, kwana ɗaya ko biyu a shekara, a yi shi da waya da na'urar gwaji a hannu, a kuma yi shi da harshen da mai koyo ke ji. Ba dalilin da zai sa a hana ƙwararren ma'aikaci a Kano ko Gusau fahimtar sabuwar ƙa'ida don kawai an rubuta ta da Turanci. Kuɗin da za a biya ya zama na malami da kayan aiki, kada ya zama hanyar tara haraji. Wuraren koyarwa kuwa akwai su: kwalejojin kimiyya da fasaha da Hukumar NBTE ke kula da su tun 1977, da cibiyoyin Asusun ITF da aka kafa a 1971, da sassan injiniyan lantarki na jami'o'i, waɗanda ɗakunan gwajinsu ke zama a kulle duk tsawon hutu.

Su ma 'yan'uwanmu ɗalibai masu karatun injiniya wannan magana ta shafe su, don digirin da za su fita da shi zai tsufa kamar yadda lasin ɗan kwangila ke tsufa. Muna kira ga ƙungiyarsu ta nemi izinin shugabannin sashe a shirya irin wannan bita da Hausa a hutun ƙarshen shekara, a gayyato masu jan waya na cikin gari, a fara da maganar launukan waya da haɗin janareto.