Daga Ina Likitan Iyali Zai Zo Garinmu?



Uwargida, ko kin san wane ne likitan iyali? Shi ne wanda yake duba jariri da uwarsa da kakarsa, ya san hawan jinin maigida da ciwon sukarin tsohuwa, ya kuma san lokacin da ya kamata ya tura mara lafiya babban asibiti. Irinsa ƙananan garuruwanmu suka fi buƙata, amma a can ne ya fi wuyar samu.

Hanyar doguwa ce. A Nijeriya, shekara 6 ne a jami'a, shekara 1 ta sanin makamar aiki, shekara 1 ta bautar ƙasa, sannan wasu shekaru na ƙwarewa a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kafin likita ya gama, ya saba da birni, ya yi iyali. In aka ce ya koma ƙaramin gari, sai ya hau lissafi: ina makarantar yara? Akwai wuta da ruwa da tsaro? In mace ce, mijinta zai yarda? Ga kuma halinmu na fifita likitan tiyata, har matasa suna ganin wannan fanni bai kai ba.

To, ina mafita? A shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su riƙa ɗaukar ɗalibai 'yan karkara, domin su suka fi komawa gida aiki. Tun 2005 ma aka gwada haka a arewacin Ontariyo ta ƙasar Kanada: aka buɗe makarantar likitanci mai ɗaukar 'ya'yan yankin, tana tura su ƙananan garuruwa koyon aiki. Da yawansu suka zaɓi likitancin iyali.

Ashe likitan da muke jira daga nesa yana tsakar gidanmu. 'Yar'uwa, in Allah ya ba ki yarinya mai son kimiyya, sauke mata tallar nan, ki duba littattafanta. In an zo neman aurenta, a yi maganar karatunta tun kafin a sa rana. Mu da muke jin nauyin likita namiji, wa zai haifa mana mace in ba mu ba?

Allah ya raya mana zuri'a. Sai wata mai kamawa.