Shawarar Wata: Komawa Gida da Iyali

Magidanta da dama da suka tafi Yamai, Maraɗi ko Damagaram neman kuɗi suna shawarar komawa ƙauye da mata da yara. A birni ɗaki na haya ne, abinci sai da kuɗi, har ruwan sha saye ake yi. Komawa gida ba abin kunya ba ne. Amma wanda ya kwashi iyali ba shiri, yunwa ce za ta tarbe shi a bakin gari.

Magana ta farko ita ce gona. Wanda ya daɗe a birni, sau da yawa gonarsa tana hannun ɗan'uwa, ko aro ko jingina. In ya bari sai an yi ruwan shuka sannan ya ce a ba shi, rigima ke nan. Ya kamata ya zo shi kaɗai tun da rani, a zauna gaban mai gari da shaidu. A shekarar 1993 Nijar ta kafa dokar karkara. Kwamitin filaye da ake ce ma Kofo yana ba da takardar gado, ta saye, ta aro da ta jingina. Takarda ba ta mantuwa.

Ta biyu, cimaka. Ana shuka a watan Mayu ko Yuni, hatsi kuwa sai Satumba ko Oktoba yake shiga rumbu. Mai gida ya ƙidaya tiya nawa iyalinsa ke ci a yini, ya tanadi ta wata huɗu ko biyar. Da kaka hatsi ke araha, lokacin saye ke nan.

Ta uku, yara. Ana buɗe lakkwal a watan Oktoba. Uba ya karɓo takardar canjin makaranta wajen darakta, ya haɗa da takardar haihuwa da katin rigakafi. Kada a manta da gidan sauro.

Ta huɗu, uwargida. Daka, jan ruwa da neman itace a kanta za su faɗa. A yi shawara da ita tun kafin a ɗaure kaya. A yanka mata gamana, a sai mata jar akuyar Maraɗi, wadda ta saba haihuwar tagwaye.

Mai komawa zai tarar noma ya sake. Tun bayan farin 1984 manoman jihar Maraɗi suka kama sassabin zamani: ba a tumɓuke kututture, ana barin tohon gawo da na kalgo su girma. Inda ruwa ke kusa kuma, noman rani na albasa da kabeji yana hana zaman banza.

Dangi su ma da nasu aikin. Wanda ya dawo a yi masa gayya ya tada ɗaki da rumbu, a bar yi masa gori.