Barcin Aro

Zuwa ga Edita,

A wannan mako ina so in yi wa 'yan'uwana akawuna da malamai magana a kan ƙwayar barci. Ba labari aka ba ni ba, a kaina abin ya faru.

Shekara biyu ke nan da mahaifina ya rasu a gidanmu na Kwarbai, cikin birnin Zariya. Nauyin gida ya dawo kaina, ga aikin ofis, sai barci ya ƙaurace wa idona. In kwanta in yi ta saƙe-saƙe har a kira asalatu. Da abin ya ishe ni na tafi asibiti. Likita ya saurare ni, ya rubuta mini diazepam, wadda mutane ke kira Valium ko D5, ya ce in sha ɗaya da dare har kwana 14, sa'an nan in komo. Na sha, na yi barci har da minshari. Amma ban koma ba. Da ta ƙare sai na sami wani mai kanti da ya riƙa sayar mini ba tare da takardar likita ba.

Kafin wata huɗu ɗaya ba ta isa, sai biyu. Da safe kaina ya yi nauyi, in manta inda na ajiye takarda, in yi kure a lissafin da na saba yi tun ina yaro. Na tsorata, rana ɗaya na zubar da sauran. Bayan 'yan kwanaki hannuna ya kama rawa, gumi na keto mini, gabana na faɗuwa fiye da da. Dole na koma wurin likita ina jin kunya.

Ga abin da ya koya mini. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, GABA, mai kwantar da jijiyoyi, ƙwayar nan kuwa ƙarfinsa take ƙarawa. In an daɗe ana sha, sai jiki ya saba, ya dogara gare ta. Ran da aka janye ta gaba ɗaya jijiyoyi su tashi ba linzami, har wani ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Saboda haka ya mayar da ni kanta, ya riƙa rage mini kaɗan kaɗan, har na rabu da ita cikin wata uku.

Kada a ce maganin banza ne. Kamfanin Roche ya fito da Valium a 1963, likitoci suka yi murna don ba ta kai magungunan barci na da haɗari ba. Daga baya aka gane tana kama mutum, har a 1988 hukumar kula da magunguna ta Ingila ta gargaɗi likitoci kada su wuce mako biyu zuwa huɗu.

To, jama'a, ga shawarata. Kada ka sha sai likita ya rubuta maka, kada ka wuce kwanakin da ya yanka. Kada ka haɗa ta da giya, ko tramadol, ko maganin tari mai kodin, don haɗin yakan tsayar da numfashi. Wanda ya sha kada ya tuƙa mota ko babur. Kada ka ba maƙwabci naka, balle tsoho, don takan sa shi jiri ya faɗi ya karye. Mai ciki ta gaya wa likita halin da take ciki. Mai neman barci kuwa ya fara da barin goro da shayi bayan la'asar, ya kuma gaya wa likita abin da ke cin ransa, don ƙwaya ba ta biyan bashi, ba ta kuma mayar da mamaci.

Wanda ta riga ta kama, kada ya yi irin wautata ya bari rana ɗaya. Ya tafi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Ba abin kunya ba ne. Barcin ƙwaya aro ne, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Allah ya ba mu lafiya da kwanciyar rai, amin. Haza wassalam.

Naku,
Akawu, Birnin Zariya.