Gyaran Hoto: Ina Iyakar Kwalliya, Ina Mafarin Ha'inci?

A yau ƙwararrun masu ɗaukar hoto da dama ba su ke kammala aikinsu ba. Sukan tura hotunan ta intanet ga masu gyara masu zaman kansu, waɗanda ke aiki da manhajoji irin su Photoshop da Lightroom. Sana'a ce ta neman halal, sai dai tana da iyaka.

Daidaita haske da launi, ko share tabon ƙurar da ta hau gilashin kyamara, mayar da hoto ne ga abin da ido ya gani. Amma idan aka haskaka fata, aka rage ƙiba, ko aka shafe tsagewar bangon gidan sayarwa, sannan aka miƙa hoton ga mai neman aure ko mai saye, to an shiga ha'inci. Imam Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya tsawatar wa wani mai sayar da abinci da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe. Laifin iri ɗaya ne: rufe aibi ga wanda zai yanke shawara a kansa.

Hatta Faransa, tun 2017, ta wajabta sanya alama a hotunan tallar da aka sauya surar jikin mutum a cikinsu.

Saboda haka, wajibi ne mai gyara ya tambayi inda hoton zai dosa kafin ya karɓi aiki, domin umarnin mai ɗaukar hoto ba zai ɗauke masa alhaki ba. Allah Ya tsarkake mana abin da muke ci.