Daga Rumfata: Wai kwamfutata ta tsufa

Wannan makon na ajiye maganar farashin shinkafa. Zancen tsohuwar kwamfutata zan yi, wadda lissafin rumfata ta Kasuwar Malam Atta da sunayen masu bashina ke ciki. Dell ce ta hannu, a Tip Toe Lane na saye ta, can Circle, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Tun 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Kwamfutar na kunnuwa yadda ta saba, sai dai duk kafar da ɓarayin intanet suka gano daga baya, a buɗe za ta zauna. Na ce to a sa mata Windows 11. Ta ƙi hawa! Wai sabuwar manhajar na neman wata 'yar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Tawa zubi na 6 ce.

Babban ɗana ya ce, "Baba, kar ka sayi wata, akwai hanya." Da wata manhaja ta kyauta, Rufus, ake zuba Windows 11 a filasha, a umarce ta ta tsallake wancan binciken. Tana hawa kuwa. Amma shi kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan kwamfutoci gyara ba, kuma babban sabuntawa na shekara ba ya zuwa da kansa, sai an sake zama an ɗora. Masu tsufa sosai, irin na zamanin Core 2 Duo, ko an yi dabarar ba sa tashi da fitowar 24H2.

Abin da ya tsorata ni daban ne. Wata Hajiya maƙwabciyata mai atamfa ta kai tata wajen wani mai gyara, ta ce a sa mata "sabuwar". Yaron bai tambaye ta komai ba, ya share faifan tas ya ɗora. Bashin da take bin mata daga Nima har Maamobi, wanda aka ɗauka kafin Sallah, duk ya tafi. Masu tsoron Allah sun kawo nasu. Sauran fa? Har yau tana bi gida-gida, wasu na cewa ai sun biya. Da me za ta ƙaryata su?

Don haka kafin ɗana ya taɓa tawa, sai da na sa ya kwafe komai a filasha biyu, ya kuma buga min jerin masu bashi a takarda, na kai gida na kulle. Ya yi ta dariya, wai na cika tsoro. Na ce dariyarka ba za ta biya dila ba.

Yanzu Windows 11 na kanta, tana aiki lafiya, ko da yake na daina shiga asusun banki da ita, wannan na bar wa waya. Ta yara da ke gida, wadda ta fi ta tsufa, Linux Mint muka sa mata. Kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma LibreOffice da ke cikinta na buɗe takardun Excel. Autarmu ce kawai ke ƙorafi, wai wasanta na mota ya ɓace.