Kano Zuwa Jidda: Awa Biyar Ga Wani, Shekara Goma Ga Wani

Jama'a, ku zo mu yi wani ɗan lissafi, don lissafi ba ya jin tsoron hakimi.

Daga filin jirgin sama na Kano zuwa na Jidda nisan tafiya wajen mil 2,100 ne, watau kimanin kilomita 3,400. Jirgi yakan cinye wannan cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Agogon Jidda yana gaban namu da awa biyu, amma duk da haka wanda ya tashi bayan sallar asuba a Kano yana iya yin azahar a can.

Kakanninmu ba haka suka same ta ba. Da ƙafa suka bi, da jaki da raƙumi, ta Barno da Wadai da Darfur, har bakin Bahar Maliya. Guzuri ya ƙare, mutum ya tsaya ya yi ƙodago a gonakin auduga na Sudan, ya tara abin da ya samu, sa'an nan ya ci gaba. Wasu sun yi shekaru a hanya, wasu can suka zauna, jikokinsu na nan har yau. Da jiragen sama suka fara sauka Kano a 1925, sannu a hankali hanya ta gajarta, aka ce wahala ta ƙare.

To, ta ƙare ɗin? A 2025 kuɗin kujerar aikin Hajji daga yawancin jihohin Arewa ya haura naira miliyan 8 da dubu 400. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 kuwa naira 70,000 ne a wata. Ku raba ku gani. Wata 120 ke nan, shekara goma cur, ba ci, ba sha, ba kuɗin haya, ba maganin yaro. Mai tebur a Kurmi ko Sabon Gari, wanda ba shi da albashin ma, sai ya faɗa mana nasa lissafin. Ashe mai jaki na zamanin da ya fi talakan yau kusa da Makka!

Za su ce mana kuɗin jirgi da masauki da dala ake biya, naira kuwa ta faɗi. Gaskiya ne. Amma wa ke riƙe da naira? Ba 'yan kasuwa suka sake ta a 2023 ba. Za su ce gwamnati ta ba da tallafin naira biliyan 90 a 2024. Madalla. To, a buga mana takarda, kobo-kobo, mu ga inda ya shiga. Wanda ba shi da rami a gindinsa ba ya gudun bincike.

Abin da muke nema uku ne. Na farko, a bayyana kuɗin kujera filla-filla: nawa na jirgi, nawa na masauki, nawa na ofis. Na biyu, a daina raba kujerun baitulmali ga 'yan fada da 'yan kore, alhali dattijon da ya yi shekaru yana tari yana zaune gida. Na uku, a gyara darajar naira, don nan ne tushen ciwon.

Filin jirgin nan sunan Malam Aminu Kano aka sa masa, mutumin da ya ƙare ransa kan talaka. Abin kunya ne a ce talaka sai dai ya ɗaga kai ya ga jirgi yana wucewa.

Ku riƙe lissafin nan har ranar ƙuri'a. Allah ya ba mai niyya iko, amin.